Gidan Farfesa Ba A Shiga Sai Da

Bawana na Zazzau, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ina fata ka wanke hannu daga fate kafin ka ɗauki takardar nan, don akwai masu jiran karatu a bayanka.

Labari ya iso Kano cewa ka sayi rauta. Wannan bai ba mu mamaki ba, yanzu har a ƙauye ana saye. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne an ce kwana ka yi kana neman sunan da za ka raɗa wa wayifai ɗinta. Ka tara yara a tsakar gida ana shawara, har uwargida ta leƙo ta tambaya ko a nemo rago a kira wanzami. Ɗanka na fari ma bai sami wannan gatan ba. Sunan mahaifinka ka ɗauko ka ɗora masa, aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Amma akwatin roba mai eriya biyu, shi ne ya hana ka barci.

Da gari ya waye ka yanke hukunci: "Gidan Farfesa Ba A Shiga Sai Da Izini". Na so in bar maganar farfesan nan, amma zuciyata ta ƙi. Na san duk Bazazzagin da motar haya ta taɓa bi da shi ta ƙofar jami'a a Samaru yana jin rabin digiri a jikinsa. Tun 1962 jami'ar take nan, ku kuma kuna ta zagaya katangarta kuna shaƙar iskar ilimi, Kanawa na shiga suna karɓo takarda suna komawa kasuwa. To shi ke nan, mun yarda, Farfesa.

Sai dai da farfesan gaske ne da ya san gurbin sunan nan, wanda masu sana'ar ke kira SSID, ba ya ɗaukar fiye da harafi 32, kuma har tazarar da ke tsakanin kalmomi ana ƙirga ta. Kai kana ta danna haruffa kai a sunkuye, akwatin ya daina karɓa tun ɗazu, ba ka ɗaga ido ba ka danna maɓallin ajiyewa. Ɗauki biro ka ƙirga da kanka: daidai kan tazarar da ke bayan "Da" gurbi na 32 ya faɗa. Izinin ya maƙale a waje. Abin da duk wayar da ta ratsa layinku take gani ke nan: "Gidan Farfesa Ba A Shiga Sai Da". Kuma rauta ba ta san kunya ba. Aikinta shela, kusan sau goma a kowace daƙiƙa take jefa sunan nan cikin iska, dare da rana, kana barci tana yi, kana masallaci tana yi, sai in an ɗauke wuta take hutar da kai.

Zagezagi kuwa ba a bar musu magana a rataye. An ce kafin la'asar maƙwabcinka na dama ya mayar da nasa "Sai Da Cokali", na hagu ya sa "Sai Da Sammaci", wani ɗalibi a gidan haya na baya ya kunna hosfot ɗin wayarsa da "Farfesa Biya Mai Shayi". Yanzu duk baƙon da ya buɗe wayarsa a unguwarku zai karanta tarihinka a jere, tun kafin ya yi sallama.

Da ranka ya ɓaci sai ka rama da "Ɓarawo Sayi Naka". Nan ma ka taka wata ƙaya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowanne gurbi biyu yake ci a cikin 32 ɗin nan, haka ma haruffan ajami, 'yan hotunan dariya na waya kuwa yawancinsu huɗu-huɗu. Wannan da sauƙi. Matsalar ita ce tsofaffin na'urori, irin talabijin ɗinka da tsohuwar firintar nan da kake alfahari da ita, wasunsu ba su san haruffan ba. Ko su nuna wasu 'yan zane-zane marasa ma'ana, ko su ƙi haɗuwa sam. Sannan duk ranar da ka sauya suna, ko da babban harafi ɗaya ka mayar ƙarami, wayoyin gidan gaba ɗaya ɗaukar sa suke sabon layi, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an sake sa kalmar sirri. Maƙwabcin da kake zagi bai ji komai ba. Uwargida ce kiran bidiyonta da 'yar'uwarta ya yanke, kuma kai ka san abin da ya biyo baya, ni ba zan faɗa a jarida ba.

Ga wata dabara kyauta, tunda bawa ba ya biyan ubangidansa kuɗin karatu. Ranar da rautar nan ta mutu ka sayi sabuwa, ka ba ta sunan tsohuwar da kalmar sirrinta daidai wa daida. Duk wayoyin gidan za su hau da kansu, ba wanda zai san an yi sauyi. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa ba a yarda da suna kawai. Waya suna take bi. Duk wanda ya ga dama zai iya buɗe layi a tasha ko a otal ya sa masa sunan wurin, ya bar shi ba kalmar sirri, ya zauna yana jiran masu son banza. Na ambaci masu son banza ne don na san da wa nake magana.

Kada ka ce wasa da suna ba ya jawo komai. A watan Nuwamban 2017 wani jirgin Turkish Airlines ya taso daga Nairobi zai tafi Istanbul. Yana cikin sararin sama aka ga wani layin wayifai a cikinsa da sunan da ke cewa akwai bam a jirgi. Dole matuƙa suka karkata suka sauka a Khartum, aka fitar da fasinjoji, aka bincike jirgin kaf, ba a sami komai ba, sannan aka ci gaba da tafiya. Wani mai jin kansa gwanin barkwanci ne ya jawo wa mutane wannan. Ka tuna da shi ranar da Allah ya kira ka Umara, ka duba sunan hosfot ɗinka tun daga gida, don ni ba zan je beli ba. A tsakiyar 2021 kuma wani mai bincike, Carl Schou, ya gano cewa in aka sa wa layi wani suna na alamomin kashi-cikin-ɗari da 'yan haruffa, duk iPhone ɗin da ta hau shi sai wayifai ɗinta ya ɗauke, ya ƙi dawowa sai an goge saitin sadarwarta. Sai da Apple ya fitar da gyara a iOS 14.7. Suna kawai, ba ƙwayar cuta ba komai.

Gaskiya ɗaya zan ba ka, kada ka saba. Ka yi daidai da ka cire sunan da kamfani ya sa. Sunan kamfani yana gaya wa mai wucewa irin na'urar da kake da ita, daga nan kuma ya san inda zai nemo rauninta. Sannan a tsarin WPA2, wanda yawancin gidaje ke kai, ba kalmar sirri kaɗai ce mabuɗi ba. Ana cakuɗa ta da sunan layin har sau 4096, abin da ya fito shi ne ainihin mabuɗin. Ɓarayin intanet sun daɗe da zama sun yi wannan lissafin sun ajiye, na sunayen da aka fi yawan bari yadda suka zo daga kamfani. Sunan da ba wanda ya taɓa tunaninsa yana tilasta musu fara lissafi daga farko. A wannan ma'aunin kam rabin jimlarka ta ci gasa, don ba mai hankalin da ya riga ka zuwa wurin. Abin da ba a so shi ne suna ya nuna gida: sunan maigida, lambar gida, lambar waya. Manyan kamfanoni na tattara wuraren da rautoci suke don su taimaka wa waya ta gane inda take. Tun 2011 Google ya ce wanda ba ya so a sa tasa a taswirar ya ƙara _nomap a ƙarshen suna. Gurbi shida ke nan, kai kuwa ko na "Izini" ba ka da shi.

To duk wannan kan suna ne, abin da ka ƙarar da basirarka a kai. Mu zo inda ba ka ɓata ko minti ɗaya ba. Kalmar sirrinka lambar wayarka ce. Lambar da ke rubuce da jan fenti a jikin shagonka, ƙarƙashin "a tuntuɓe mu". Da aka yi maka magana ka ce ai lamba goma sha ɗaya ce, wa zai iya cankar ta? Ba canka ake yi ba, Farfesa, karantawa ake yi. Tsarin ya ba ka daga harafi 8 har 63, fili fetal. Ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da dangantaka da juna, ka sa lamba a tsakani, ka bar masu lanƙwasa saboda tsofaffin na'urori. Sharaɗi ɗaya: kada "fate" ta shiga ciki, don ita ce kalmar farko da kowa zai gwada a gidan Bazazzagi, ta biyu kuma "rama".

Ko da ka yi mai kyau, ka san cewa tun daga Android 10 duk wanda ya hau layinka zai iya buɗe saitin wayarsa ya fito da ɗan hoton nan mai murabba'i da ake ɗauka da kyamara, abokinsa ya ɗauka ya hau ba tare da ya tambaye ka ba. Autanka ka ba shi don ya yi aikin makaranta; shi kuma yana da majalisa. Shi ya sa kullum bayan isha'i dakalin ƙofar gidanka ke cika da samari, kai kana murna wai unguwa ta gane darajarka. Ba wanda ya zo gaishe ka. Ƙwallo suke kallo da fina-finai, data kuwa tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 ta daina zama abin sadaka. Ka sayi ta wata guda ta ƙare tun wata bai raba ba, ka zauna kana tsine wa kamfani.

Babban abin kunyar kuwa, wanda har yanzu nake jin nauyin rubuta shi a madadinka, shi ne ba ka san kalmar sirri biyu ce ba. Ɗaya ta hawa wayifai. Ɗayar ta shiga cikin rautar kanta, shafin da ake buɗewa in an rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza, ko 192.168.8.1 a yawancin na Huawei. A can ake sauya suna, a can ake sauya kalmar sirri, a can ake ganin duk wanda ke kai, a can ake korar mutum. Na'urori da yawa, musamman tsofaffi, suna zuwa da "admin" a sama "admin" a ƙasa, an ma buga shi a sitikar da ke gindinsu. Kai da ka shiga ka raɗa suna, da shi ka shiga, ka fito ka bar shi yadda ka same shi.

Wannan sakaci ba naka ba ne kai kaɗai, in hakan zai sanyaya maka rai. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai, wadda wasu samari a Amurka suka rubuta, ta riƙa yawo a intanet tana ƙwanƙwasa kyamarorin tsaro da rautoci da jerin sunaye da kalmomin sirri na kamfani kimanin 60 kacal. Da wannan ɗan jerin ta kama na'urori dubu ɗaruruwa. Ranar 21 ga Oktoba aka tura irin waɗannan na'urori kan kamfanin Dyn, mutane da yawa a Amurka suka yi awoyi ba sa iya buɗe Twitter da Netflix. Masu na'urorin suna gida ba su san da kayansu ake aika-aikar ba. Abin ya kai Birtaniya ta kafa doka, ta fara aiki a Afrilun 2024, ta hana sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri guda ta kowa da kowa. Ka ga ke nan a Ingila sai da gwamnati ta sa baki kafin a raba mutane da halin Zagezagi.

Kai ba Mirai ce ta same ka ba, yaron maƙwabta ne ɗan aji uku. Ya hau ta hannun autanka, ya buɗe shafin, ya gwada "admin", ya ga an yi masa maraba. Ya duba jerin wayoyin da ke kai, ya ga wata mai suna "Wayar Farfesa", ya toshe ta. Aka wayi gari samarin unguwa na kallo lafiya lau, uwargida na hira lafiya lau, maigida kaɗai ke zagaya tsakar gida da waya a sama yana neman sabis. An ce har ka fara zargin ba banza ba, akwai hannu, ka tambayi wani malami ko ana yi wa na'ura tofi.

Daga nan ka naɗe ta a tsumma ka hau mota, ka zo inda ake zuwa in abu ya gagara. Wani yaro a kasuwar waya ta Farm Centre ya karɓa, ya juya bayanta, ya zaro tsinken sakace daga bakinsa, ya cusa a ɗan ramin nan ya riƙe kamar daƙiƙa goma, fitilu suka yi ƙyafta-ƙyafta, ta koma yadda ta fito daga kwali. Ya karɓi kuɗinsa, ya mayar da tsinkensa baki. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da na gurasar da ka ci a hanya, duk a kan aikin da tsintsiyar gidanka za ta yi. Mun gode da ciniki.

Na ji kuma da ka koma ka ɓullo da dabarar ɓoye sunan gaba ɗaya, wai wanda bai gani ba ba zai hau ba. Ɓoyewa tana hana mai wucewa gani, amma ba ta kulle komai ba. Duk lokacin da wata waya ta gida ta haɗu da rautar, sunan na fita a iska a fili, mai kayan saurare zai tsince shi. Abin dariyar ma, tunda rautar ta daina shela, wayarka ce ta gaji aikin: duk inda ka je, kasuwa ko ɗaurin aure, tana ta kiran sunan ko za a amsa. Toshe wayoyin samari ɗaya bayan ɗaya shi ma wahala ce. Da lambar shaidar na'ura ake toshewa, wayoyin yanzu kuwa, tun Android 10 da iOS 14, lambar aro suke nunawa, yaro ya taɓa saiti ɗaya ya dawo maka a matsayin sabon baƙo. Sauya kalmar sirri sau ɗaya yana sallamar kowa.

Tunda kana cikin shafin, ka leƙa wajen tsaro. In ka ga WEP, ka gudu. Tun 2001 masana suka fasa shi. WPA2 ya zo a 2004, WPA3 a 2018, ka zaɓi na ƙarshen in kayan gidanka za su ɗauka, in ba haka ba akwai zaɓin da ya haɗa biyun. Ka kashe WPS, wato hanyar shiga da lamba takwas. A ido lamba takwas kamar gwaji miliyan ɗari ne, amma a ƙarshen 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rauta na duba huɗun farko daban, ta ƙarshe kuma daga sauran ake lissafa ta, sai gwajin ya dawo 11,000, aikin 'yan awoyi ga kwamfuta. In kuma ka ga sanarwar sabunta manhajar rautar, ka bari ta yi, kada ka zare waya a tsakiya don ka ga fitila ta sauya launi.

Sai maganar da ka cika Zariya da ita, wai gidanka akwai 5G. Abin da ka gani layi biyu ne daga akwati ɗaya, na biyun da "5G" a wutsiyarsa. Wannan zangon 5 GHz ne na wayifai, ba ruwansa da 5G ɗin kamfanonin waya da MTN ya fara a Najeriya a 2022. Na 5 ya fi sauri amma ba ya jure bango, na 2.4 ya fi nisa, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, don Bluetooth da na'urar ɗumama abinci da rautocin maƙwabta duk a nan suke, kuma tashoshi uku ne kawai, 1 da 6 da 11, ba sa hawa kan juna. Kai kana taƙama da shi, yayanka kuwa da ya zo ya gani ya tuna jita-jitar zamanin korona ya ce a kashe kafin ya kwana. Gida ɗaya, kuskure iri biyu, duk a kan harafi biyu. Kuma ko wanne ka hau ba zai yi maka sauri ba muddin rautar na cikin kabad ɗin uwargida, a bayan kwanukan jere, an rufa mata kyalle don ƙura. Ƙarfe da ruwa da bango mai kauri su ne masu shanye sigina. Fito da ita tsakiyar gida, ka ɗora ta a sama, nesa da firji da tankin ruwa.

Na san amsar da kake shiryawa, cewa Kanawa ma ba su da sunan kirki, daga "Ana Sayar Da Data" sai "Shigo Mu Yi Ciniki". Haka ne, kuma ba mu ji kunya ba. Bakano in akwati zai yi shela sau goma a daƙiƙa, to tallar haja zai yi. Samarin da ke cinye taka kyauta, da a Kano ne da tuni an yanka musu farashin awa, an kawo benci, wani na sayar musu da ruwan sanyi a gefe.

Saura abu ɗaya. A shafin nan akwai wurin buɗe layin baƙi, mai sunansa daban da kalmar sirrinsa daban, wanda ya hau shi zai sami intanet amma ba zai kai ga na'urorin gida ba in ka saita shi daidai. Ka buɗe shi kafin Cika-ciki, don ina tafe karɓar kuɗin shara, kuma ba zan tsaya a ƙofa ina roƙon autanka ba. Sunan da za ka sa masa na riga na ƙirga maka: "Na Ubangidana Bakano", gurbi 20 cif, har da ragowar goma sha biyu in kana son ƙara "Ranka Daɗe".